Ta ina ɗan majalisa zai samu alƙaluman yankinsa daga binciken gidaje na ƙasa?

Hadimin Honarabul:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana ƙididdiga da waɗanda suka san aikin majalisa, don na sha kunya sau ɗaya, ba na fatan in ƙara.

Ni hadimi ne ga wani ɗan Majalisar Dokokin jihar Sakkwato daga yankin gabas. Ba zan faɗi mazaɓar ba, kun san dalili. Ni ke rubuta masa jawabi, ni ke haɗa takardun ƙuduri, wani lokaci har ni ke riƙe waya idan kiran masu neman kuɗin magani da na ragon suna ya yi yawa.

Kwanakin baya maigida ya tashi a zaure zai yi magana kan halin da mutanenmu ke ciki. Ni na rubuta masa cewa kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen ƙaramar hukumarmu suna ƙasa da layin talauci, har na ƙara da "in ji Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS" don maganar ta yi nauyi. Bai gama zama ba wani abokin aikinsa ya miƙe ya ce wannan lamba ta jihar Sakkwato ce baki ɗaya, ba ta wata ƙaramar hukuma ba, in kuwa haka ne shi ma tasa ce, kowa a zauren tasa ce. Aka yi dariya. Kuma gaskiyarsa ce, ni na ɗauko lambar jiha na liƙa wa garinmu. A mota maigida bai ce mini uffan ba tun daga majalisa har gida. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To yanzu lokacin kare kasafin kuɗi ya matso, kuma akwai abu biyu da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Na farko, 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 da ba sa zuwa makaranta. Na biyu, ruwan sha. Akwai ƙauyukanmu da yaro zai fita da jaki da jarka tun sallar asuba, sai hantsi ya dawo. Mu mun san haka, da idonmu muke gani. Amma idan ka zauna gaban kwamishina ka ce "mutanena suna wahala," zai ce maka na kowa ma suna wahala. Lamba ake so.

Na sauke rahotanni uku a wayata, kowanne shafi ɗaruruwa, data ta ƙare a banza. Duk inda na duba layi ɗaya ne: Sokoto. Ba Gada, ba Isa, ba Wurno, ba Rabah. Shekarun yaran ma ba su raba su yadda muke so ba.

Tambayoyina su ne: tunda gida-gida aka bi aka yi tambayoyin nan, ai suna da amsar kowane gida a ajiye. Shin ɗan majalisa zai iya neman a ciro masa nasa jadawali na musamman, na mazaɓarsa kaɗai? Wa ake rubuta wa? Ana biya? Wani abokina ya ce mu yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai, wani ya ce kwamiti ya aika musu sammaci kawai. Wanne ne daidai? Allah Ya saka da alheri.

Malama Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam Malam. Ina koyar da ƙididdiga, kuma na yi aiki da ɗanyen bayanan waɗannan bincike, wato amsoshin gida-gida kafin a tattara su a rahoto, tare da ɗalibaina, don haka bari in yi maka dogon bayani. Ka yi haƙuri da tsawonsa.

Amsar a taƙaice: eh, ana iya ciro jadawalin da babu shi a cikin rahoto. Amma na ƙaramar hukuma ɗaya, daga yawancin binciken, ba zai yi maka amfani ba ko da an ba ka. Ba rowa ba ce, lissafi ne.

Ɗauki binciken da ka ciro lambarka daga ciki, wato NLSS na 2018/19, mai duba matsayin rayuwar jama'a. Shi ne ya ce kashi 40.1 na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 83, suna ƙasa da layin talauci na Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ban da Borno da ba a saka ba saboda matsalar tsaro. Ba kowane gida aka shiga ba. An tsara shi ne a kan gidaje kusan 600 a kowace jiha: yankunan ƙidaya 60, gida goma a kowanne. Gida 600, idan da ƙa'ida aka zaɓo su, sun isa a yi magana kan jiha. Yanzu raba 600 ga ƙananan hukumominmu 23. Kowace ta tashi da gida 26, daga ƙauye biyu ko uku. Da gida 26, idan lissafi ya ba ka kashi 50, gaskiyar tana iya zama ko'ina tsakanin 30 da 70, kuma tunda gidajen maƙwabtan juna ne, rijiya ɗaya suke sha, tazarar ta fi haka faɗi. Ka ga wanda ya kunyata maigidanka ran nan zai sake samun abin faɗa.

Ka san mai sayen gero a kasuwar Achida. Idan mota ta zo da buhu ɗari, zai soka hannu cikin 'yan buhuna, ya murza, ya yi wa motar kuɗi. Hukuncinsa a kan motar daidai ne. Amma ka tambaye shi ingancin geron manomi ɗaya daga cikin masu kayan, wataƙila ko buhunsa bai taɓa ba.

Abin da ya fi kusa da bukatarka shi ne binciken talauci mai fuskoki da yawa, MPI, wanda NBS ta fitar a watan Nuwamba 2022. Shi ne wanda ya ce mutum miliyan 133, kashi 63, suna cikin irin wannan talauci, Sakkwato na kan gaba da kusan kashi 91, Ondo na ƙarshe da 27. An shiga gidaje sama da 56,000, kuma da gangan aka tsara shi ya yi magana kan mazaɓun sanata 109 na ƙasar. Wato Sakkwato ta Gabas tana da nata alƙaluma: Isa, Sabon Birni, Goronyo, Wurno, Rabah, Gada, Illela da Gwadabawa a haɗe. Cikin abubuwan da ya auna akwai zuwan yara makaranta, ruwan sha, nisan asibiti, har da abin da ya shafi tsaro. Maigidanka zai iya tashi ya ce "a shiyyarmu ta gabas," ba wanda zai ja da shi.

Sauran kuwa: MICS na 2021, wanda NBS ta yi da UNICEF, ya fi kowa zurfi a kan yara da mata, kuma yana tambayar minti nawa ake ɗauka a je ɗibar ruwa a dawo da kuma wa ke ɗebowa a gidan. NDHS, binciken lafiya da yanayin jama'a, na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, ba na NBS ba, kada ka aika wasiƙa inda ba nan ba. An yi a 2008, 2013, 2018, sai na 2023 zuwa 2024. Waɗannan biyun suna magana kan jiha. GHS-Panel kuwa, wani binciken gidaje na NBS, gidaje kusan 5,000 ne a duk ƙasar, shiyya yake iya bayyanawa kamar Arewa maso Yamma, ko jiha bai kai ba. Ka bar shi.

Inda jadawali na musamman ke aiki sosai shi ne a sake yanka bayanan ta wata fuska, ba a ƙanƙance wurin ba. Misali: 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17, na karkarar Sakkwato, a ware su da na birni. Rahoto bai buga haka ba, amma shekarun kowane yaro da jinsinsa suna cikin ɗanyen bayanan. Ana yin rajista a shafin MICS na UNICEF, a rubuta abin da za a yi da su, su ba da izinin saukewa kyauta. NBS tana da ma'ajiyar ɗanyen bayanai a shafinta, Bankin Duniya ma yana da tasa. Fayilolin ba a waya ake buɗe su ba, sai kwamfuta mai manhajar ƙididdiga irin SPSS ko Stata ko R, da kuma wanda ya san dole a saka ma'aunin nauyin kowane gida, wato gida nawa yake wakilta, kafin a fitar da kaso. Wanda ya manta da ma'aunin nan zai ba ka lamba mai kyan gani wadda ba ta wakiltar kowa. Kuɗin da za ku kashe a nan na ladan mai aikin ne, ba na bayanan ba. Ku leƙa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba za ku rasa malami ko ɗalibin digiri na biyu da zai yi muku a kwana biyu ba.

Abu ɗaya ka cire daga ranka: ba za a ba ka sunan gida ko ƙauye ba. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana bayyana amsar mutum. A NDHS ma da gangan ake gusar da alamar wurin a taswira, har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, wasu 'yan kaɗan har 10.

Tsohon Akawu:

Ɗana, Malama ta gama maka da wajen ilimi. Ni bari in gaya maka wajen takarda, don shi na aikin da niy yi har nib bar aiki.

Abokinka da yac ce a aika sammaci, ka gaishe shi, amma kada ka bi shawaratai. Gaskiya na sashe na 128 da na 129 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon bincike da kiran mutum ya zo ya ba da shaida, kamar yadda 88 da 89 sunka ba Majalisar Tarayya. Amma wanga iko na majalisa na da kwamitocinta, ba na mamba guda ba. Kuma an yi shi don binciken ma'aikatun da kuka yi wa doka kuna ba su kuɗi. Kai ko alfarma kaka nema wurin hukumar tarayya, ka ce su zauna su yi maka aikin da ba su yi ba. Ba a roƙo da sanda a hannu.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda Jonathan yas sa wa hannu, ta ce a ba ka amsa cikin kwana bakwai. Tana da amfani in takardar da kaka so tana nan ajiye anka ƙi ba ka. Jadawalin da ba a ƙirƙira ba tukuna, mi za su ciro daga durowa su ba ka? Ka ajiye ta sai ranar da anka yi maka shiru.

Ga yadda munka saba. Honarabul ya kai maganar ga shugaban kwamitin ilimi ko na ruwa. In kwamiti ya ɗauka, wasiƙa ta fito ta ofishin Akawun Majalisa, a kan takarda mai tambari, zuwa ga Babban Jami'in Ƙididdiga na Tarayya, shugaban NBS, a Abuja, a bi da ita ta ofishin NBS na nan jiha. A ba ma'aikatar kasafi da tsare-tsare kwafi, don su ka riƙe da alƙaluman jiha, kuma gobe su za ku zauna da su. Ka kai da ƙafarka, a buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ka karɓi lambar wayar wanda fayil zai faɗa hannunai. Bayan mako ka kira, ka fara da gaisuwa.

Wasiƙa kuma shafi guda. Na ga wasiƙu da yawa masu cewa "a ba mu dukkan bayanan da sunka shafi mazaɓata." Irin wagga ba ta samun amsa, don wanda yak karanta bai san ta ina zai fara ba.

In kuna da sanata ko ɗan majalisar wakilai da kuka shiri da shi, su can suna da NILDS, cibiyar nazarin ayyukan majalisa, da ofishin kasafi da bincike na Majalisar Tarayya. Ana iya bi ta hannunsu. Amma ka san halin siyasa, in shi yas samo lambar, shi za ya fara faɗinta a rediyo.

Inna 'Yar Gobir:

Yaya, ni ba masaniya ba ce, amma na taɓa yin aikin ɗaukar bayanai gida-gida a wani bincike irin wannan, da kwamfutar hannu da hula da katin wuya. Abin da zan ƙara kaɗan ne.

Kafin ku ɗauki kowace lamba kan makaranta, ku nemi takardar tambayoyin ku karanta yadda aka yi tambayar. Yawanci tana can ƙarshen rahoton. A ƙauyukanmu idan ka ce wa uwa "yarinyar nan tana zuwa makaranta?" za ta ce eh da zuciya ɗaya, tana nufin ta allo ko Islamiyya da yamma. Sai ka sake tambaya, aji nawa take, sannan ka gane. Ku duba yadda binciken ya lissafa waɗannan, don idan maigidanku ya ce "ba sa zuwa makaranta" a gaban malamai da iyayen ƙasa, wani zai tashi ya ce ƙarya ne, 'ya'yanmu suna karatu. A ce "makarantar boko" a fili.

Ruwa kuma ya danganta da watan da aka zo. Gidan da muka tarar da damina rijiyarsu cike, in ka koma a watan Afrilu labarin daban ne. Ku duba watannin da aka yi aikin.

Sannan ku da ke gabas, ku tambaya ko akwai yankunan da aka zaɓa amma ba a samu shiga ba saboda tsaro. Mu akwai garin da muka kai bakin hanya shugaban tawaga ya ce mu juya. Garin da ba a shiga ba galibi shi ya fi kowa wahala, kuma ba ya cikin lambar.

Hadimin Honarabul:

Malama, Baba, Inna, Allah Ya biya ku. Baba na karɓi gyara, maganar sammaci ta mutu. Na nuna wa maigida jiya bayan isha'i. Da farko ransa bai so ba, ya ce shi mazaɓarsa ta zaɓe shi, ba shiyya ba. Da na karanta masa lissafin gida 26 sai ya yi shiru, can ya ce, "To a nemo ta shiyyar."

Ga abin da na rubuta a tsakiyar wasiƙar, ku duba mini: "Muna roƙon a ba mu adadin 'yan matan da ba sa zuwa makaranta da adadin gidajen da ba su da ruwa a Sakkwato ta Gabas."

Amma Malama, har yanzu akwai abin da ke damuna. Idan kwamishina ya ce to a cikin ƙananan hukumomi takwas ɗin nan me ya sa za a fara da taku, me za mu ce?

Malama Mai Lissafi:

Jimlar ba ta isa ba Malam, irin wadda Baba ya ce ba ta samun amsa ce, ta ɗan yi wanka kawai. Ka faɗi sunan binciken da shekararsa. Ka ce kaso kake so, ba adadi ba. Adadin kai sai an ninka da yawan jama'a, mu kuwa ƙidayarmu ta ƙarshe ta 2006 ce, lokacin da aka ce Sakkwato mutum miliyan 3.7, duk abin da ya biyo baya hasashe ne. Ka rubuta shekarun, 12 zuwa 17, mata daban maza daban. "Ba su da ruwa" kuma ba ma'auni ba ne. Ka ce gidajen da ba sa sha daga ingantaccen tushe, da waɗanda zuwa da dawowa ke cin musu fiye da minti 30. Ka nemi shiyyoyin uku a jere, gabas da arewa da kudu, don lamba ɗaya tilo ba ta nuna komai sai an ajiye ta kusa da 'yar'uwarta. Mafi kyau ma ka zana jadawalin da babu komai a ciki ka liƙa a baya, su cike gurbi kawai.

Ka roƙi abu biyu a ƙarƙashin kowace lamba: mutum nawa aka tambaya kafin a same ta, da tazarar kuskurenta. A rahotannin MICS da NDHS, lambar da ta fito daga mutum 25 zuwa 49 ana saka ta cikin baka, wadda ba ta kai 25 ba tauraro ake sakawa a gurbinta. Duk inda ka ga haka, kada ya shiga jawabin maigida.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, amsarta ba ta cikin binciken gidaje. Tana cikin bayanan ma'aikatu. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara tana hannun ma'aikatar ilimi da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, makaranta bayan makaranta: yara nawa aka rubuta, mata nawa, malamai nawa, aji nawa. Asibitoci suna shigar da nasu a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, duk wata. Hukumar ruwan karkara ta jiha za a tambaya jerin rijiyoyin burtsatse, ku kuma ku bi ku ga masu aiki da matattu. Waɗannan duk na jiha ne, a nan ne kwamitinku ke da cikakken ikon da Baba ya ambata. Rauninsu shi ne suna ƙirga wanda ya zo ne, yarinyar da ba ta taɓa taka makaranta ba ba ta cikin rajistar kowa. Shi ya sa za ku haɗa biyun: binciken ya faɗi girman matsalar a shiyya, rajistar ta nuna sakandaren 'yan mata nawa ke ƙaramar hukumarku da nisan da ke tsakaninsu da ƙauyuka.

Ka gyara ka sake sakawa a nan kafin ka kai wa Akawu. Gobe ina da aji har azahar, zan duba bayan la'asar.